Finjalin Likita Wan da Yashin Telwa

Cikin shekarun da na yi ina aikin gida, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da na wanke finjalin Likita Wan da yashi. Ku da kuke wannan aiki yanzu, ku saurara.

Lokacin fari ne, soji ke mulki. Ni ne kuku kuma boyi a gidan likitocin Sin da aka kawo Agadas. Su huɗu ne. Babbansu Likita Wan, dattijo siriri wanda ba ya ɗaga murya. Aikina dafuwa, shara, wanki da ɗiban ruwa. Duk wata ana ba ma'aikacin gidan buhun jar dawa. A kan buhun nan mutum goma sha ɗaya ke rayuwa a gidana na unguwar Dagmanet, don wana ya baro daji da iyalinsa bayan dabbobinsa sun ƙare. In aka kore ni, babu wani buhu.

Shayinsu ba irin namu ba ne. Mu kan ɗora buta a kan gawayi, ganye ya tafasa, a zuba sukari, a ɗaga hannu har kumfa ta tashi. Su ba sa dafa ganye. Ruwan zafi kawai suke zuba masa, babu sukari, zubin farko ma ba a sha. Likita Wan yana da nasa kaya a cikin akwatin katako: butar tangaran da finjalai shida marasa mariƙi, launinsu tsakanin kore da shuɗi. Shi ke fito da su, shi ke mayarwa. Hannuna bai taɓa kai musu ba.

Wata Alhamis aka ce perefe zai zo gaishe su bayan azahar. Perefe a lokacin kumandan ne na soja, shi ke riƙe da jihar duka, maganarsa ba ta da ɗaukaka ƙara. Da hantsi aka aiko kiran Likita Wan, wata mata haihuwa ta zo mata da gardama. Ya ɗora akwatin a kan tebur, ya nuna mini tukunyar ruwan zafi, ya kira sunana, ya haɗa ƴar Hausar da ya iya.

"Bawa, wanke. Sannu-sannu."

Ya fita.

Na buɗe akwatin. Cikin kowane finjali akwai zane-zane siri-siri masu launin ƙasa, ɗaya ya fi sauran duhu. Na ce a raina wannan dauɗar shayi ce, kumandan ba zai sha a ciki ba ina raye. Na kwara musu tafasasshen ruwa. Zanen bai motsa ba. Ruwan gidan bido biyu ne, wato jarka biyu, na yini, sai da na yi layi a famfo tun asuba, ba na wasa da shi. Mu kuma mun saba, in ruwa ya yi wuya, da yashi da toka ake wanke kwano. Na ɗebo yashin koramar Telwa da nake goge tukwane da shi, na ɗauki finjalin da ya fi duhu, na sa babban yatsa na murza da ƙarfi.

Zanen yana nan. Na ɗaga finjalin wajen rana. Ashe ba dauɗa ba ce a sama, tsaga ce. Ciki da waje duk ya tsattsage, kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Na duba sauran biyar, na duba butar. Duk haka. Na san finjalin ƙarau, in tafasasshen ruwa ya buge shi yakan tsage. Na ce shi ke nan, na kashe kayan mutum gaba ɗaya.

Na zauna a ƙofar madafa. Na yi tunanin gudu, to ina? Kowace hanyar fita gari akwai shingen jandarma. Na yanke shawara in faɗa wa Likita kafin baƙo ya iso. Allah bai nufa ba. Tare suka shigo: Likita Wan, kumandan da dogarinsa mai bindiga, da Manjo Agali. Manjo shi ne babban ma'aikacin jinya, shi ke yi musu tafinta da Faransanci.

Likita ya wanke hannu ya zauna ya haɗa shayi. Ina tsaye jikin bango ina jira ya gani. Ya zuba a finjalin da na murza, ya ɗauka da hannu biyu ya miƙa wa kumandan. Kumandan ya kai baki, sai ya tsaya. Ya juya finjalin, ya ajiye.

"Manjo, a ƙasarsu a fasasshen kwano ake ba baƙo?"

Kumandan ya juyo gare ni.

"Kai, boyi. Wa ke wanke kayan nan?"

"Ni ne, mon kumanda."

"Kai ka fasa?"

"Ni ne."

"Baƙi sun bar ƙasarsu sun zo yi mana magani, kai kana ɓarnar kayansu, kana kunyata ni a gabansu?"

Ya ɗaga wa dogarin gira. Dogarin ya tako ya kama ni a damtse. Fuskokin ƴaƴan wana kawai nake gani.

Likita Wan ya tambayi Manjo abin da ake ciki. Manjo ya faɗa masa. Sai dattijon nan ya fashe da dariya, har ya cire tabarau. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ya ciro farin hankici ya shimfiɗa, ya ɗora finjalin da shayinsa a kai, ya jira, ya ɗaga. Ko ɗigo babu.

Likita na bayani, Manjo ya riƙa fassarawa. Wai da gangan maginan ƙasarsu ke yin haka. Ana gina finjali da farar laka, a shafa masa wani ruwa da ke zama kamar ƙarau a cikin wuta. In an kashe wuta, lakar da shafen ba sa hucewa tare, sai shafen ya tsattsage, jikin kuwa lafiya lau. Ba kowane magini ke iya fitar da tsagar ta yi kyau ba. Bayan haka shayi ke shiga tsagar a hankali, shekara da shekaru, yana rina ta. Finjalin da zanensa ya fi duhu shi aka fi daɗewa ana sha da shi, shi ya fi daraja, shi ake miƙa wa babban baƙo. Wannan na mahaifin Likita ne.

Kumandan ya sake ɗaukar finjalin ya duba.

"To, mu da ƙasarmu duka ta tsattsage, ashe tsada ta yi ba mu sani ba."

Manjo ya yi dariyar dole. Kumandan ya kurɓa, ya yamutsa fuska don babu sukari, amma ya shanye. Ya ce wa dogarin ya sake ni.

"Kai kuma sakarai, ka amsa laifin da ba ka yi ba. Da masu satar hatsin taimako irinka ne, da na huta."

Na koma madafa. Amma na san da saura. Finjalin jiƙe yake, shi ya sa karcen bai fito ba. Bayan la'asar da ya bushe, Likita ya kira ni tare da Manjo. Yana riƙe da shi. Cikin ya dushe, ƙyallin ya tafi inda yatsana ya bi. Ban jira tambaya ba. Na je na ɗebo yashin a tafin hannu na nuna masa.

Ya daɗe yana kallon yashin. Ya tambayi Manjo dalili. Manjo ya ce haka muke wanki in babu ruwa. Ya tambayi mutum nawa nake ciyarwa. Na ce sha ɗaya. Ya shafa cikin finjalin da yatsa, idonsa ya kaɗa, bai yi faɗa ba.

"Bawa. Yashi, a'a."

Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yi: ruwan ɗumi kaɗan, tsumma mai laushi, babu sabulu, a kife ya sha iska. Daga ranar ni ke wanke su, har ya koma ƙasarsu. Ƙyallin finjalin bai dawo ba. Buhuna kuwa bai yanke ba, kuma cikin mutum sha ɗayan nan babu wanda muka binne a lokacin farin.

Abin da na koya ke nan. A aikin gida ba rago kaɗai ke ɓarna ba, mai ƙwazon da bai tambaya ba ya fi shi. Kayan da ba ka san asalinsa ba, kada ka gyara. Nemi mai shi, ko da hannu za ku yi maganar. In kuwa ka riga ka ɓata, tsaya ka ce kai ne. Mai gida na iya haƙura da abin da ya lalace, amma ba zai ci gaba da cin abincin wanda ya yi masa ƙarya ba.