Fuskar Rawa da Ta Sha Guba

Godelieve Vermassen ta shiga jami'ar garinsu da baƙin gashi, ta fito da furfura, kujerar farfesa kuwa ko ƙamshinta ba ta ji ba. Laifinta taurin kai a kan wata fuskar katako ta rawa, wadda wani hafsan Beljiyam ya ƙwato a wani ƙauyen Kongo zamanin mulkin mallaka, aka jefa ta ɗakin ajiyar gidan tarihi. Ita dai a mayar wa masu ita, su sa abarsu su yi rawa.

Sa'o'inta suna rubutu kan zanen furanni ana ƙara musu girma, ita tana ɗakin ajiya cikin sanyi, da burodi da cuku a jaka.

"Lieve, ke da katakon nan sai dai a ɗaura muku aure," in ji Dewulf, shugaban gidan tarihin.

"Ko banza ya fi ka sauraren mutane," ta ce.

Sai da ta kusa ritaya hukuma ta gaji ta yarda. Mai haƙuri ya dafa dutse, saura shan romo. Aka gayyato Kalala Tshimanga, jikan mutumin da ya yi rawar ƙarshe da fuskar, dattijo mai sanda.

Ana wata ga wata. Da aka auna katakon kafin a naɗe shi, sai aka tarar ma'aikatan dā sun jiƙa shi da maganin ƙwari don kada ya ruɓe. Gubar ta ratsa har ciki, ba ta wankuwa. Duk wanda ya ɗora a fuska ya yi gumi, sai asibiti. Dewulf ya ɗaga kafaɗa.

"Katakon ai mijinki ne, ke za ki faɗa wa dattijon."

Ranar da dattijon ya iso, ana yayyafi. Kalala ya tsaya gaban teburin da aka ɗora katakon, ya kira fuskar da sunanta, ya miƙa hannu. Godelieve ta riƙe masa hannun riga. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta yi masa bayani, ta miƙa masa safar hannu ta roba.

"Mama Lieve, ko sau ɗaya? A gida makaɗa na jira."

"Ko sau ɗaya, Malam Tshimanga. Sai dai a ajiye ta a akwatin gilashi."

Dattijon ya dubi safar, bai karɓa ba. Ya mayar da hannunsa aljihu.

"Ashe gawa kika kira ni in ɗauka," ya ce.