Abin da Sadiƙu Ya Ji a Ƙarƙashin Bene

A watan Disambar 1991, ranar da aka ce gwamnati ta taso kacokan daga Legas zuwa Abuja, malamanmu suka jera mu a bakin titi da 'yan tutoci a hannu. Jiniya na kuka, ganguna na tashi, motoci na wucewa kamar ba za su ƙare ba. Can cikin iyaye na hango Mama goye da ƙanena Sadiƙu, ɗan shekara biyu da rabi. Tsararrakinsa wasu na kuka, wasu na cusa kai a bayan uwayensu, shi kuwa wasa yake da ɗankunnen Mama, ko waiwaye bai yi ba. Maƙwabciyarmu Maman Ngozi ta dube shi ta ce, "Madam, wannan yaro naka yana ji magana kuwa?" Mama ta yi dariya, amma ranar ba ta ci abincin rana ba.

Ma'aikatar su Baba na cikin waɗanda aka fara tasowa da su, don haka a Garki aka haifi Sadiƙu, a gidajen ma'aikata masu hawa biyu. Bayan gidanmu katafila ke ture ƙasa tun safe, tifa na juye tsakuwa, in rana ta take kuma a fasa dutse da nakiya har gilashin taga ya karkaɗa. A kan tulin yashin magina muke langa da 'yar gala-gala. Mama ta shuka alayyafo da kuɓewa a gefen tankin ruwa, ta ajiye kaji a ƙarƙashin bene, ni ce mai watsa musu tsaki kafin in tafi makaranta. Duk inda na sa ƙafa Sadiƙu na riƙe da gefen rigata. In yana son abu sai ya nuna da yatsa ya ce "mm". Ko "Mama" bai taɓa faɗa ba.

Tun daga ranar tutocin nan Baba ya shiga gwaji. Ya lallaɓo ta bayan yaron ya saki murfin tukunya, ko ya buga tire da ludayi, ko ya ƙure rediyo. Sadiƙu ba ya ko motsi. Kaka ta zo daga Zariya da rubutun sha a kwalba, tana tsokanarsa: "Mijin nan nawa miskili ne. Garin da babu ko mai tallan ƙuli-ƙuli, wa zai koya masa surutu?" Likita ya ce a kai shi Kaduna a gwada kunnuwansa. Na ji Baba na gaya wa Mama cewa in ta tabbata kurma ne, can za a bar shi wurin baffanmu, kusa da makarantar kurame. Aka tsayar da tafiya bayan ƙaramar Sallah.

A wancan zamani Abuja kan watse da Sallah, kowa ya nufi garinsu. Mu ba mu tafi ba. Magina suka kashe injuna, garin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa sani ba, har kunnuwana na yi mini wani iri. Da hantsi muna zaune a baranda, Mama na tsintar shinkafa, sai Sadiƙu ya saki abin wasansa ya miƙe, ya karkata kai. Ya kama yatsan Baba ya ja shi, muka bi su har ƙarƙashin bene inda kazarmu ke kwanci a cikin kwando. Ba mu ga komai ba. Baba ya durƙusa da babbar rigarsa, Sadiƙu ya kama masa kunne da hannu biyu ya tura shi kusa da kwandon, ya ce, "Ji."

Muka ɗauke numfashi. Can ƙasa-ƙasa, daga cikin ƙwan da bai gama fashewa ba, ɗan tsako na kuka yana ƙwanƙwasar ɓawo. Daga baranda yaron ya jiyo shi. Baba ya daɗe a durƙushe yana maimaita "Ikon Allah", Mama ta rufe fuska da mayafi.

Ba zan ce na san dalili ba. Wataƙila yaron da ya buɗe ido cikin ƙarar nakiya ba murfin tukunya ne zai firgita shi ba. An je Kaduna duk da haka, aka ce kunnuwa lafiya, aka dawo mana da shi. Maganar ma ba lokaci guda ta zo ba. Sai da ya kusa shekara huɗu bakinsa ya buɗe sosai.

Yanzu ina da 'ya mai shekara biyu, kalmominta ba su da yawa. Na kai ta asibiti an duba, don na san ba kowane yaro ne labarinsa ke ƙarewa kamar na Sadiƙu ba. An ce mu riƙa yi mata hira, mu ƙara haƙuri. Ina yi, kodayake hankalina bai gama kwanciya ba. A Gwarinpa, unguwar da nake zaune, janareto ba ya hutawa ko da Sallah, waya kuma kullum tana hannuna. Wani lokaci nakan kashe komai in zauna kusa da ita a kan tabarma, ban ce mata ta faɗi komai ba. Sauraro nake koya.