Ranar da Biba ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tama ya san Biba mai gabu. Ganyen albasa take dakawa ta dunƙule ta shanya, ta zauna da shi kusa da rumfar mahauta, bakinta kuwa bai san hutu ba. Mahautan ma, da duk tsiwarsu, shakkar tsokanarta suke yi.

Mutum ɗaya ne a duniya Biba ba ta yi wa surutu: Yaƙubu, ɗan farinta. Kunyar ɗan fari ta riƙe irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ta dama fura sai ta ajiye ƙwaryar inda zai gani, ta ce da ƙanwarsa Asiya, "Ce ma wancan shi sha." Yaƙubu ya girma, ya tara iyali, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Bai gaya wa kowa ba, amma abin yana ransa.

Wata ranar kasuwa Biba ta tashi da ciwon kai, ta ɗaure shi da kallabi ta fita. Da hantsi wata mata ta gaishe ta, sai ta amsa da dogon zance, muryarta daram yadda ta saba, amma kalmomin ba su haɗa komai ba. Tulu, jiya, akuya, wasu ma babu su a Hausa. Hannu lafiya, ƙafa lafiya. Mutane suka taru suna dariya, aka aika garka, wato lambu, kiran Yaƙubu.

Tana hango shi ta miƙe, ta dube shi ido cikin ido.

"Yaƙubu! Yaƙubu!"

Kasuwa ta kaure. "Biba ta kira sunan ɗan hwari! Wallahi ta taɓu!"

Abin da ya daɗe yana jira ke nan, sai ga shi ya zo a tsakiyar 'yan kallo. Kunya ta rufe shi har yana jin zafi a kunnuwansa. Ya murtuke fuska, ya daka mata tsawa, ya ja hannunta har gida. Ya sa ta a ɗaki ya ja ƙyaure. Masu zuwa dubiya ya ce musu ta tafi Buza wurin dangi. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, babu sauƙi. Shi kuwa kullum in ya leƙa, da wannan fuskar yake leƙawa.

Asiya ce ta tayar da rigima har suka kai ta asibitin mishan. Bayan an yi hoton kanta, wata ma'aikaciya mai suna Esther ta zaunar da Yaƙubu, ta taɓa nata kan saman kunnen hagu.

"Malam, ba hauka ba ce. Tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, jini ya toshe nan. Wurin ga na ƙwaƙwalwa shi ka ba magana ma'ana. Tana jin muryarku sarai, amma kamar kuna yi mata wani yare. Ita ma ba ta san tata maganar ta rikice ba."

"To ba ta san mi ka hwaruwa ba ke nan?" Da fata ya yi tambayar.

"A'a. Kalmomi ne suka ɓace mata. Huska da murya kam tana gane su. In an yi hushi da ita ta sani."

Yaƙubu ya sunkuyar da kai. Ya so ƙwarai a ce masa ba ta gani ba.

Da suka koma Tama ya cire ƙyauren da hannunsa. Biba ta koma dakan gabu, domin hannu bai manta ba. Tana zuba wa Asiya zancenta marar kan gado, tana zuba wa jikoki, har kaji suna samun rabonsu. Amma da Yaƙubu ya yi sallama sai ta yi tsit, ta juya fuska bango. Ko kunyar ɗan fari ce ta dawo, ko tsawarsa ce ba ta manta ba, shi bai sani ba.

Yanzu kowace safiya yakan durƙusa gabanta ya saki fuska, ya dafa ƙirjinsa.

"Inna, ni na. Yaƙubu. Ki ce Yaƙubu."

Sai ta tura masa ƙwaryar fura ba tare da ta dube shi ba.