Likkafanin Njidda

Ranar da Njidda ya rasu gardama ta tashi a zaurensa a kan likkafanin da za a sa masa. Ni da muka taso tare a unguwar Sintali, ni aka bar wa yanke magana.

A da, Njidda mai ban ruwa ne a lambun wani Baturen gona. Da ruwan farko ya sauka, sai Baturen ya sa shi ɗaura farin ƙyalle tsakanin mangwaro biyu, a rataya fitila a bayansa. Malam-buɗe-littafi na dare su yi ta taruwa a kai, da safe Bature ya zaɓi na zaɓa ya soke da allura. Da aka yi wa Baturen canji ya tafi da ƙyallensa, muka ce an huta.

Ashe abin ya shiga ran Njidda. Farin yadi ɗaya gare shi a duniya, alawayyon da ya saya ya ajiye don ranar tafiyarsa, yadda dattawa ke yi. Shi ya ciro. Kowace bazara yana ɗaure a bayan gida. Ba ya sokewa, ba ya sayarwa. In ya idar da sallar asuba ya duba ƙwarin ɗaya-ɗaya, ya kaɗe su su tashi.

Na taɓa ce masa, "Wai ci ake yi?"

"Kai dai komai ciki."

"To me kake nema?"

"In na gani zan gaya maka."

Bai gaya mini ba.

Ranar rasuwar, matarsa Fanta ta miƙo alawayyon, duk ya yi dabbare-dabbare da garin fukafukai, wanki bai fitar ba. Ƙanensa Aƙilu ya ce ba za a kai yayansa kabari cikin tarkon ƙwari ba, a sayo sabo. Fanta daga bayan zana ta ce, "Da bakinsa ya ce wannan."

Liman ya ce ba najasa ba ce, amma fari tas ya fi. Sai ya dube ni. "Malam, kai ka san shi. Abin nan wasa ne, ko me?"

Na ce ni dai ban taɓa ganinsa cikin natsuwa irin ta gaban ƙyallen nan ba.

A cikin alawayyon muka naɗe shi. Aƙilu har yau ba ya amsa gaisuwata, ni ma ban san ko daidai na yi ba. Allah ya jiƙanka, Njidda, ya yafe mana duka.