Shekarar da Ba a Duba Motar Attracta Ba

Attracta Gormley ba ta taɓa son tuƙi ba. Sai da ta kusa shekara hamsin ta koya, shi ma don dole, bayan an rufe masana'antar ɗinkin riguna inda ta yi aiki tun tana budurwa. Mijinta Packie, direban babbar mota, shi ya koya mata a filin bayan coci, yana dafe da kai, tana ta kashe injin. Ba a daɗe ba zuciyarsa ta buga, ya rasu. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Oonagh, wadda ke aikin jinya a birnin Glasgow, can ƙetaren teku, da wata ƙaramar mota shuɗiya da ya sayo ta hannu.

Da motar nan ta samu aikin kula da tsofaffi a gidajensu, can cikin tsaunukan yankin Tyrone. Tun da sassafe take fita. Ta tashi wannan daga gado ta yi mata wanka, ta ba wancan magani, ta dafa wa wata shayi, ta shafa man shanu a burodi ta yanyanka ƙanana don babu haƙora. Gidajen a warwatse suke, hanyoyin siriri, ruwan sama kuma ba ya fashi. Ba a ɗaukar wanda ba shi da mota a wannan aikin, don haka motar ce ƙafarta.

Kowace shekara cikin watan Fabrairu lokacin gwajin lafiyar motar da gwamnati ta wajabta yake cika. Takan fara kai ta wurin Eunan, ƙanen marigayi mijinta, bakanike mai gareji a bakin gada. Ya shiga ƙarƙashinta yana mita, ya canza abin da zai canza. Ita kuma ta wanke ta ciki da waje kamar za a kai amarya, ta roƙi wata abokiyar aiki ta riƙe mata tsofaffinta, ta tafi wurin gwaji a garin Omagh ta zauna tana jira. In an miƙo mata takardar cewa mota ta ci, sai ta shiga wani ɗan shagon shayi ta ci kek ita kaɗai, ba mai kiran sunanta. A duk shekara ranar ce kawai take tata.

A shekarar da ake magana, tun kafin Fabrairu ta kama aka ji a rediyo cewa injinan ɗaga mota na wuraren gwaji sun tsattsage, an dakatar da aiki. Bayan kwanaki takarda ta iso gidan Attracta: an ƙara wa motarta wa'adi na 'yan watanni, ta ci gaba da hawa. Ta karanta a tsaye a bakin ƙofa, ta ji kamar an sauke mata buhu daga ka. Tayoyin gaba sun soma suɗewa, ta san Eunan ba zai bar su ba, ga ciwon baya da ya sa ta gaba a lokacin.

Sun haɗu da Eunan a ƙofar coci ranar Lahadi.

Ya ce, "Ina 'yar shuɗiyar? Ban gan ta ba bana."

"An ɗaga mata ƙafa. Gwamnati ta ce lafiyarta ƙalau."

"Gwamnati ba ta ce lafiyarta ƙalau ba, matar yaya. Cewa ta yi ba ta da halin dubawa. Kawo ta in leƙa."

"Kai dai aljihuna kake so ka leƙa."

"Aljihun naki da ko ɓera ba zai kwana a ciki ba? Ki kawo ta dai."

Ta ce za ta kawo in ta samu sarari, kuma da gaske take nufi. Sai dai sararin bai zo ba, annobar korona ce ta zo. Aka sa dokar kulle, aka rufe coci, aka rufe wuraren gwajin gaba ɗaya. Wata takardar ta iso, an mayar da ƙarin wa'adin shekara guda cur. Maƙwabta suka ajiye motocinsu a ƙofar gida har ciyawa ta fito kewaye da tayoyin. Motar Attracta kuwa ba ta taɓa cin hanya irin ta wannan shekarar ba. Abokan aikinta biyu sun kwanta, wata kuma ta ajiye aikin don mijinta mai asma ne, aka raba tsofaffinsu ga waɗanda suka rage. 'Ya'yansu da suka saba zuwa ƙarshen mako sai dai su tsaya a taga su ɗaga hannu. Ita ce mai shiga, da takunkumi a fuska da safar roba a hannu, ta fito ta cire, ta sa wasu a gida na gaba. Bayan kunnuwanta suka yi ciwo. Abincinta na rana burodi ne a cikin mota, tana ci tana tuƙi.

Cikin rani motar ta soma wani kuka daga ƙasa, kamar ana jan sarƙa a kan dutse. In ta taka birki sai ta ji ya yi laushi, sai ta taka sau biyu yake kamawa. Ta saba da taka shi sau biyu. Kukan kuma sai ta ƙara wa rediyo murya.

A cikin waɗanda aka ƙara mata akwai Malachy Devlin, tsohon makiyayin tumaki, wanda gidansa ne na ƙarshe a kan tudu, inda kwalta ta ƙare. Idonsa ya tafi, ƙafafunsa sun kumbura, bakinsa ne kawai bai tsufa ba. Tana shiga yakan riga ta magana.

"Tun daga gada na ji ki, 'yar nan. Mota ce wannan ko tunkiya mai naƙuda?"

"Ɗaga hannu in cire maka rigar, Malachy."

"Yaushe za a kai ta asibiti?"

"An ba ta hutu sai baɗi."

"Hutu? Ni ma likita hutun ya ba ni sai baɗi, ya ce in kira ta waya in na mutu. Ruwan nan ya yi sanyi."

"Jiya ka ce ya yi zafi."

"Jiya ya yi zafi."

Takan yi masa wanka, ta shafa masa mai a ƙafa, ta ɗumama miyar dankali ta zauna sai ya cinye, don in ta bar masa kare yake ba. Wani lokacin tana riƙe da cokali idonta ya rufe, sai ta ji ya ce, "Ke, baki na nan, ba a kunne yake ba."

Oonagh takan kira daga Glasgow, ita ma muryarta a mace. "Mama, kina hutawa kuwa?" Attracta ta ce tana hutawa. Ta tambayi 'yar ko tana cin abinci, 'yar ta ce tana ci. Kowacce ta san ƙarya ɗayar take yi, suka bar shi a haka.

Abin ya faru ne wata safiya cikin kaka, ana yayyafi. Ta gama da Malachy ta kamo gangara. Kafin kwanar da ke wajen gonar Cathal Mullan ta taka birki, ƙafarta ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ta sake takawa, ta sake. Ta ja birkin hannu, bayan motar ya juya, ta ga shingen ƙaya yana tahowa. Motar ta kutsa cikinsa, ta gangara wani ramin ruwa mai taɓo, ta tsaya a karkace, injin ya mutu.

Ta taɓa wuyanta, ta motsa ƙafafu, ba abin da ya karye. Ta san ya kamata ta nemo waya ta kira ofis, akwai mutum huɗu da ke jiran ta. Wayar ta faɗa ƙarƙashin kujera. Ta ce bari ta ɗan numfasa tukuna. Cikin motar akwai ɗumi, ruwa na sauka a kan rufin a hankali, ba rediyo, ba kowa. Ta jingina kai da gilashi, barci ya ɗauke ta.

Bugun gilashi ne ya tashe ta. Cathal Mullan ne tsaye cikin taɓo har gwiwa, fuskarsa ta yi fari fat, hularsa a hannu.

Da ta buɗe ido ya ce, "Allah mai iko. Attracta, na ɗauka kin tafi. Har na fara miki addu'a."

"Barci nake."

"Barci? A cikin ramina?"

"Ka yi haƙuri da shingen, Cathal."

"Bar batun shinge. Fito in ga kin tsaya da ƙafarki."

Ya kawo tarakta ya jawo motar har garejin Eunan. Ita kuma matar Cathal ta ba ta shayi mai sukari da yawa, ta ɗauke ta a motarsu ta kai ta sauran gidajen, tana jira a waje. Ba wanda ya rasa maganinsa ranar, sai dai an makara, wata tsohuwa ma ta yi fushi ta ƙi magana.

Da yamma Eunan ya nuna mata bututun man birkin a tafin hannunsa. Tsatsa ta cinye shi, yana murza shi yana zuba kamar busasshen ganye. Ta jira ya ce ai ya faɗa mata. Bai ce ba. Ya goge hannu ya ce, "Da Packie na nan da ya ci mutuncina. Ni ya kamata in zo har gida in ɗauke ta."

"Garejinka a rufe yake, Eunan."

"Ƙofa ce a rufe, hannuna ba a rufe yake ba." Ya nuna motar. "Zan sa sabon bututu, in canza tayoyi. Amma ƙarƙashinta ya ruɓe. Gishirin da ake zubawa a hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara ya gama da ita. Duk ranar da aka ɗaga ta sama aka haska fitila, ba za ta ci gwajin ba."

"To a bar ni in kai ranar."

Ya yi walda inda waldar za ta kama, ta ci gaba da hawa tana bin gangara da giya ta ɗaya. Cikin sanyin nan Malachy ya faɗi a banɗaki, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ba a bar mutane da yawa zuwa jana'iza ba. Attracta ta tsaya a bakin hanya tare da maƙwabta, kowa nesa da kowa, motar gawa ta wuce, ta koma aiki.

Da wa'adin ya zo ƙarewa aka buɗe wuraren gwaji, sai ga duk motocin ƙasar a layi ɗaya. Ba a samun ranar gwaji. Oonagh ce ta yi ta nema mata ta intanet daga can, har ta samo wata a Coleraine, tafiya mai nisa zuwa bakin teku. Attracta ta wanke motar kamar yadda ta saba, ta tafi. Mai gwajin wani mutum ne mai furfura, shi ma da ganin idonsa ka san ya gaji. Ya shiga ƙarƙashi da fitila da ɗan guduma, bai jima ba ya fito ya yafito ta.

Ya ce, "Uwargida, zo ki gani da idonki, kada ki ce na zalunce ki." Ya tura yatsa a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, yatsan ya shige. "Daga ina kika taho da ita?"

Ta faɗa masa.

Ya girgiza kai. "Ki koma a hankali. Kada ki ɗauki kowa."

Ta koma a hankali. Ba ta ji baƙin ciki sosai ba, ba ta kuma ji mamaki ba. Ta ajiye motar a bayan garejin Eunan, ta kwashe safar roba da laima da wani tsohon tabarau na Packie da ke cikin aljihun gaban motar, ta miƙa masa makulli. Eunan ya ce zai nemo mata wata mai sauƙi. Oonagh ta ce za ta taimaka. Attracta ta kwana biyu tana tunani, ta ce a'a. Ta kusa sittin, bayanta ba ya son kujerar mota, kuma tun ranar ramin nan duk gangarar da ta kama sai tafin hannunta ya jiƙe. Akwai gidan kula da tsofaffi a cikin gari da ke neman ma'aikata, bas na zuwa har ƙofarsa.

Ofis suka roƙe ta ta yi mako guda tana nuna wa wadda za ta gaje ta hanya. Sunanta Halina, 'yar Poland, mace mai jiki da ƙarfin hannu, ta daɗe tana aiki a masana'antar kaji a garin Dungannon. Attracta ta zauna a kujerar gefe tana nuni da yatsa: nan za ki juya, wannan gidan makullin na ƙarƙashin tukunyar fure, wannan ba ta shan shayi sai a kofinta mai tsaga, wancan zai ce ya sha magani, ki duba da kanki.

A gida na ƙarshe, wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Philomena ta riƙe hannun Attracta. An gaya mata sau uku cewa yau ce ranar sallama, ba ta riƙe ba.

Ta ce, "Gobe ki taho da madara. Wadda kika kawo ta yi tsami."

Attracta ta ce, "To, Malama."

A waje ta gaya wa Halina irin madarar da shagon da ake samun ta. Halina ta tada mota ta tambaye ta ko ta kai ta gida ne ko tasha. Attracta ta ce gida, in ba damuwa, ƙafafunta sun kumbura.