Kumfa a Gwiwar Ƙanena

Shekarar da nake rubuta kundin digirina a Lyon kan masu nutso na farko, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba. A takarda na san su: hular tagulla, takalman darma, ƙarti a jirgi suna tura musu iska ta tiyo. Na kuma san abin da ke nakasa su. Ba zurfin ba ne, fitowar ce. A can ƙasa iska na narkewa cikin jini. In mutum ya taso, wani lokaci sai ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo.

Ƙanena ko iyo bai iya ba. Aikinsa haƙan ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris, gaban injin, inda ake matse iska don tare ruwan ƙasa. Wata Asabar ya tashi aiki ya hau jirgin ƙasa zuwa suna gidan gwaggonmu a unguwar Minguettes, gefen Lyon. Na tarar da shi kwance, Gwaggo na gasa masa gwiwa da tawul da ruwan zafi.

"Sanyi ne," in ji ta. "Sanyin ƙasar nan."

Na tambaye shi ko ya cika zamansa a ɗakin da ake rage musu matsin iska a hankali kafin su fito.

"Na cika, Yaya, wallahi. Gudu dai na yi da jaka kar jirgi ya bar ni." Ya rage murya. "Ƙafar hagun ba na jin ta."

Gudu, sannan zafi: duk abin da kumfa ke so. Na fizge tawul ɗin, na kira motar asibiti.

"Ke! Karatun ne ya taɓa ki?" in ji Gwaggo.

Na ce mata za a sa shi a tankin ƙarfe a sake matse shi da iska.

"Abin da ya kayar da shi za ku ƙara masa?"

"E, Gwaggo. Karnuka da yawa suka mutu a hannun masana kafin a gane haka."

A asibiti, tagar tankin ƙarama ce, zagayayya, sak ta hular tagullar. A littattafaina, in mai nutso ya shanye, shafi nake juyawa in ga ko ya tashi. Nan babu shafi. Likita ta ce masa ta lasifika ya motsa babban yatsansa na hagu. Ya kafa wa ƙafar ido. Gwaggo ta ture ni ta manna goshinta a gilashin.

"Motsa mana, ɗan nan," take cewa. "Don Allah motsa."