Gervase Pell, Mutumin Da Bai Gane Sarki Ba

A safiyar Alhamis, sha bakwai ga watan Oktoba, ƙararrawar cocin Wrenholt ta shiga bugawa a hankali, irin bugun da kowa ya san ma'anarsa. Ina cikin kwaɓa burodi jikarka Dorcas ta leƙo, idanu jawur, ta ce, "Goggo Avice, Kaka ya cika." Haka na sami labarin rasuwarka, Gervase Pell mai sassaƙar baka, bayan 'yar gajeriyar jinya.

Na zauna in rubuta maka ta'aziyya da hawaye, Kawu Gervase, sai ga shi dariya na ƙwace mini. Ka yafe ni, kai ka ja. Ba yaron da ya tashi a garin nan bai koyi harbi da bakan da ka sassaƙa masa ba, kyauta, da ranƙwashi a kai. Duk hunturu gwauraye kan wayi gari su tarar da itace a ƙofarsu, in an yi maka godiya ka hau faɗa, wai kai ba ɗan dakon kowa ba ne. Bakinka ba daɗi, amma ban taɓa ganin mutum mai taushin zuciya irinka ba.

Ni kuwa abin da ka yi mini ya wuce itace. A shekarar da ruwa ya lalata alkama, mijina Lambert, wanda kai ka koya wa harbi, ya kashe barewa a dajin Sarki. Aka kama shi, aka yanke masa hukuncin rataya. Ina da tsohon ciki a lokacin. Na je gaban duk wani mai faɗa a ji, na durƙusa har gwiwata ta yi kanta, ba wanda ya dube ni.

Ana cikin haka Sarki ya fito rangadin bazara, ya sauka a gidan hakiminmu. Matasan yau tsufansa suka sani, ba su gan shi a ganiyarsa ba! Dogo ne, ƙaƙƙarfa, in ya yi dariya a wannan unguwa sai a ji a waccan. So yake ya fi kowa a komai: kokawa, rawa, waƙa, sukuwa, harbi. Ingila ta yi masa kaɗan. Faransa yake kwana da ita yake tashi da ita, a wurinsa gadon kakanninsa ce aka danne masa, kuma ya rantse sai sarakunan duniya sun ji sunansa sun kasa barci. Sannan ga son ɓad da kama. Sai ya rufe fuska ya sa kayan talakawa ya shiga taro, kowa ya san shi ne, amma dole kowa ya yi kamar bai sani ba. A bar shi ya ci wasa, ya yaye fuska, jama'a su zube suna salati da mamaki.

Ranar Lahadi bayan an fito coci, maza suka taru a filin harbi kamar yadda doka ta tanada. Fadawa sun riga sun zagaya da raɗa: wani baƙo na tafe, kada wanda ya gane shi, kada wanda ya fi shi. Sai ga baƙo cikin koren kaya, fuska a rufe da ƙyalle, zoben zinariya fal yatsunsa. Manyan maharbanmu suka dinga zubar da kibau a ciyawa kamar makafi. Baƙo ya harba, kibiyarsa ta tsaya dab da farin ƙyallen da ake auna, fili ya ɗauki tafi.

Sai ka fito kana share hannu a riga. Ina bayan shinge, kuma har gobe ina jin muryarka.

"Kai baƙo, a garinku haka ake riƙe baka? Sai ka ce mai shanya wanki! Matsa can ka ga aiki."

Hakimi ya yi fari fat. Ka ja tsirkiya har kunne, ka saki, kibiya ta tsaga tsakiyar ƙyallen. Ka sake, ta biyun ta je ta kwanta jikin 'yar'uwarta. Wuyan baƙo ya kumbura, jijiyoyi suka fito, na ce shi ke nan, igiya biyu za a nema. To amma me zai ce? Shi ya ce shi ba Sarki ba ne.

"Kai tsoho, kai ne gwanin garin nan?" in ji shi.

"Ni? Ina! Gwanin yana kulle, jibi za a rataye shi a kan 'yar barewa. Tana gudu ya same ta, daga nan zuwa bishiyar can. In hanya ta kai ka wurin Sarki, ka ce masa Faransawa na godiya. Ya rage musu aiki."

Can sai dariya ta ɓarke daga ƙarƙashin ƙyallen fuskar nan, ya fizge shi ya yar. Jama'a suka zube, amma ba wanda ya kai ka. Ka jefar da baka, ka ɗora hannu a ka, kana birgima cikin taɓo kana ihu, "Wayyo, na mutu! Ranka ya daɗe, wa zai ce kai ne?" Ba a taɓa yi masa mamaki mai daɗin wannan ba. Nan take ya sa aka kwance Lambert, ya ce ya tafi ya harbi abin da ya fi barewa. Na ruga da cikina ina guɗa har na yar da takalmi.

Sai dai Sarki ba ya manta wanda ya fi shi. Ya ce tunda tsoho na da baki, shi ma ya bi Lambert cikin rundunar da za ta tafi yaƙin Faransa. Kuka ƙetare teku tare, kai da furfurarka. Garin da kuka ci masa da jinin mutane bai daɗe a hannunsa ba, Faransar da yake mafarki kuwa har yau tana wurin masu ita. Lambert ya dawo lafiya lau, kai ka dawo kana jan ƙafa, kuma haka ka ja ta har ƙarshen ranka. Ko sau ɗaya ba ka taɓa goranta mana ba.

Shekara da shekaru kana rantsuwa cewa ba ka gane shi ba, har limamin coci ya gaji ya bar tambaya. Da na kai maka romo a makon da ya wuce, na sunkuya na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, ka gane shi?" Ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Ke 'yar nan, wane talaka ne ke zuwa harbi da zobe a kowane yatsa?"

Jiya Lambert ne ya ɗauki gaban makararka, ɗan da ke cikina a ranar nan ya ɗauki baya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Goggo Thomasin, da 'ya'yanka, da Dorcas da sauran jikoki. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Kai kuma Kawu, ka tafi gaban Sarkin da ba ya rufe fuska, wanda ya ga abin da ka yi a filin nan, ya kuma san ka san wanda kake tsokana. Ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, har da wannan rantsuwar. Ya kwance ka kamar yadda ka sa aka kwance mini mijina. Amin.